Tsagar Burodin Nuha

Nuha ta dawo Makka da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na kayan gasa burodi da kek. 'Yar ƙanena Mukhtaru ce. Ta yi karatun haɗa magunguna a ƙasar Ailan, ta ƙara da koyon aiki a Jamus, kuma duk abin da muka sa rai za ta kawo mana, irin su turare da gyale, babu ko ɗaya. Sai farantan gasa kek, da 'yan mazuraran matsa kirim, da wani katako mai kama da allo da ta ce na yanka taliya ne. Na dubi kayan na ce wa ubanta, ashe aikin kuku ka tura a koyo mana.

Ni ce Hajara, gwaggonta, ko da yake Ammati take ce mini kamar sauran yaran da aka haifa a nan. Ni nake zaune da mahaifiyarmu a unguwar Ka'akiyya tun da aka rushe layinmu na Tandabawi. Mu muna ce mata Inna, jikoki suna ce mata Sitti. Sunanta Kabira, amma na manta rabon da in ji wani ya kira shi. Tana 'yar ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa, suka bi ta Chadi da Sudan, suna tafiya suna tsayawa noma, har suka iso. Ba ta zo da komai daga can ba sai harshenta da tsagar gidansu: uku-uku a kowane kunci, da bille ɗaya ƙarƙashin idon hagu.

Ita ta reni Nuha, don uwar yarinyar malama ce a wani ƙauye bayan gari, tana fita tun kafin rana ta fito. Hausar Nuha ba ta taɓa miƙewa ba, Larabcin Inna kuwa na kasuwa ne, tana jin komai amma da Hausa take ba da amsa. Duk da haka ban taɓa ganin sun rasa hira ba. Kwano ɗaya suke ci, Inna tana ce mata ƙawata, tana tsokanarta da cewa hannunta ya fi cikinta girma.

Juma'ar farko bayan dawowarta Nuha ta ce ita za ta yi mana girki. Ta kore ni daga kicin ɗina, ni kuma na ƙi koruwa, na ja kujera na zauna a bakin ƙofa ina kallo. Ta dafa naman rago da dankalin turawa da karas da albasa a tukunya ɗaya, a ƙaramar wuta, babu tattasai babu tumatir. Ta ce abincin mutanen Ailan ne. Ta kwaɓa fulawa da ƙwai, ta shafa a kan katakon nan, tana kankarewa da wuƙa cikin tafasasshen ruwa, ta ce wannan kuma na Jamusawa ne. Na ce mata wannan ai ɗan wake ne da ya je makaranta. Sai kek mai hawa uku na cakulan, da farin kirim a tsakani da wasu jajayen 'ya'yan itace da ake kira karaz, ta zagaye samansa da furanni na kirim ɗaya bayan ɗaya, harshenta a waje kamar mai saka zare a allura.

Burodin ta yi a ƙarshe. Garin alkama mai dusa, gishiri, soda, da laban, wato nono mai tsami irin wanda muke sha da dabino. Babu yis, babu jiran tashi. Ta ce matar da ta zauna a gidanta a Ailan, wata tsohuwa mai suna Nora, ita ta koya mata, kuma abu ɗaya ta ja mata kunne a kai: da zarar soda ta haɗu da laban, ƙullin ba ya jiran kowa, sai wuta. Ta dunƙula shi da sauri, ta ɗauki wuƙa ta tsaga samansa tsaye, ta sake tsagawa a kwance, ta tura cikin tanderun gas. Ni ina kallo, ban kawo komai a raina ba.

Aka shimfiɗa ledar cin abinci bayan an sauko daga masallaci. Inna ta ɗanɗana naman ta ce farfesu ne da aka hana shi yaji, amma ta ƙara. Ta ci ɗan waken Jamusawa ta yi dariya. Sai Nuha ta kawo burodin a nannaɗe cikin tawul, ta buɗe a gaban kakarta. Ya tashi, ya yi ja, tsagar ta buɗe ta raba shi gida huɗu. Inna ta miƙa hannu, ta tsaya, ta dube shi sosai. Sai ta janye hannun ta ce in kawo mata ruwan wanke hannu.

"Ya Sitti, ba ki ci burodi ba," in ji Nuha. "Ga kek ma yana zuwa."

"Na ƙoshi."

Wanda ya san Inna ya san ba ta ƙoshi da zaƙi. Likita ya hana ta, amma dabino take ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Ranar nan kek mai hawa uku ya wuce ta gabanta ko kallo bai ishe ta ba. Ni a lokacin na gane. Na sake duban burodin, na ga abin da ta gani: gicciye ne sak, a tsakiyar ledar cin abincinmu, ranar Juma'a, a Makka.

Daga ranar Inna ba ta sake cin abin da ya fito daga hannun Nuha ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Idan yarinyar ta gaishe ta, ta amsa. Idan ta ba ta magani, ta karɓa ta sha, don wannan a kwali yake. Amma abinci, sai ta ce ta ƙoshi, in an jima ta ce in dama mata kunu. Ta kuma daina ce mata ƙawata, ta koma 'yar Mukhtaru.

Nuha ta ɗauka jita-jitar da ake yi kan abincin Turawa ce ta kai kunnen tsohuwa. Ta zauna ta yi mata bayani da Larabci, ta maimaita da gurguwar Hausarta, cewa babu giya a kek ɗinta, ruwan karaz take sawa, naman kuma na mahaucinmu ne na bakin titi. Inna ta gyaɗa kai ta ce ta ji. Sai yarinyar ta ƙara himma a inda ba nan matsalar take ba. Ta yi kek ɗin tuffa da kirfa, ta jera yankakken tuffan kamar fure. Ta yi wani mai zuma da gyaɗar Turawa da ake kira almon a sama. Ta yi dakakken dankali da kabeji da man shanu, mai laushi, don marar haƙora. Ta yi wani kek fari fat ta rubuta Sitti a kansa da koren kirim. Duka Inna ta sa na kai wa maƙwabta. Matan benenmu suka yi ƙiba a wannan watan, har suna tare ni a matakala suna tambayar lafiyar Nuha.

Abin ya fara damuna da gaske ranar da takardar aikinta ta fito. An tura ta wani asibiti a Tabuk, za ta tafi bayan babbar salla. A gidanmu akwai abin da ba a tsallakewa: duk wanda zai yi tafiya mai nisa, ranar tashinsa shi zai kawo abinci ya zauna da Inna su ci a kwano ɗaya, ta sa masa lomar ƙarshe a baki da hannunta, sannan ya fita. Haka aka yi wa Mukhtaru da zai tafi aikin soja, haka aka yi wa Nuha da za ta Ailan. Inna ta tsufa ƙwarai, ƙafafunta sun kumbura, kuma Tabuk ba nan kusa ba ce. Na ji tsoron yarinyar nan ta fita ba tare da lomar ba, ta dawo ta tarar babu mai ba ta.

Sai na same ta a kicin na gaya mata. Na ce ba naman ba ne, ba kek ba ne, tsagar burodin ce.

Ta dube ni, ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. "Ammati, wallahi don wuta ta shiga ciki ne. Ƙullin yana da nauyi, idan ba a tsaga ba tsakiyar ba ta gasuwa. Nora ma cewa take yi ana tsagawa ne don aljanun ciki su fita."

"To wannan kada ki kuskura ki gaya wa Inna," na ce. "Gicciyen ma ya ishe mu, ba sai kin haɗa mana da aljanu ba."

Washegari ta gasa shi ba tsaga. Ya fashe ta gefe, bayansa ya ƙone, cikinsa ɗanye yana manne wa wuƙa. Ni na ci don tausayi, na wuni da nauyin ciki. Ta gwada tsaga guda ɗaya, ya wangale ya karkace amma ya gasu. Ta kai wa Inna, ta nuna mata cewa babu komai a kansa yanzu.

"Na ƙoshi," in ji Inna.

Mukhtaru ya zo da nasa. Ya zauna kusa da ita ya ce ya tambayi malami, malam ya ce aiki da niyya yake tafiya, tsagar burodi ba ibada ba ce. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta ce ita ba ta aiki kowa wurin malami ba, kuma cikinta nata ne. Ya tashi ya tafi yana cewa tsufa ne. Ƙanena mutumin kirki ne, amma duk abin da ya fi ƙarfinsa sunansa tsufa.

Wata la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, na ce, "Inna, yarinyar nan ta daina tsagar. Tana salla a gabanki, tana azumin Litinin da Alhamis. Me kuma ya rage?"

Ta ɗago kai ta dube ni. Sai ta ce, "Ke kin san ranar da na je makarantarsu?"

Na tuna an taɓa yin taron iyaye mata Nuha tana firamare, uwarta ba ta samu zuwa ba, Inna ta je a madadinta. Iyakar abin da na sani ke nan.

"Da muka shiga ciki, mata zalla, kowa ta buɗe fuska, ni ma na buɗe. Yaran suka kewaye ni suna kallon kuncina. Wata ta tambayi 'yar Mukhtaru, wace ce wannan mai yankakkiyar fuska. Ta ce 'yar aikin gidanmu ce." Inna ta gyara zaman ƙafarta a cinyata. "Da Larabci ta faɗa, ta ɗauka ba zan ji ba. Na rufe fuskata na zauna har aka tashi, na riƙo hannunta muka dawo, na zuba mana tuwo muka ci. Yarinya ce, ban riƙe ta ba. Amma tun ranar na san akwai inda take so ta je wanda babu ni a ciki. Da na ga abin nan a kan burodi sai na ce, to, ta isa. Ta je ta ɗauko alamar wasu ta kawo gida, tawa kuwa kunyarta take ji."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi fushi. Da yarinya ƙarama da ta yi wautar yara, ko da tsohuwar da ta haɗiye magana shekara da shekaru tana zuba tuwo a kai. Na rufe kwalbar man na je na faɗa wa Nuha kalma da kalma, ban rage ba, ban sassauta ba. Na ɗauka za ta ce ba ta tuna. Tana tsaye tana wanke mazuraran kirim, sai ta rufe famfo ta ce, "Ashe ta ji." Ta zauna a ƙasan kicin ta yi kuka, ni kuma na ƙarasa mata wanke-wanken.

Bayan haka ta daina gasa komai. Aka yi salla, aka yi layya, alhazai suka cika gari suka fara raguwa, farantanta suna cikin akwati. Tana gaida Inna, tana ba ta magani, tana yanke mata farce. Na yi zaton za ta ba ta haƙuri a ɗaya daga cikin zaman nan, ba ta yi ba. Da na tambaye ta, ta ce da Larabci ta yi laifin, ba ta so ta ba da haƙuri da shi, Hausarta kuma ba za ta iya ɗaukar maganar ba.

Ranar tafiya Mukhtaru ya zo da mota da hantsi, ya sa akwatunan a baya. Na shiga kicin in ɗora shinkafa, don na yanke cewa ni zan dafa, Nuha ta ɗauka ta kai, a rufe maganar haka. Sai na tarar ta kunna tanderu, ta auna garin alkama.

"Wannan burodin kuma?" na ce. "Yau ɗin ma?"

"Yau ɗin ma, Ammati."

Ta zuba laban, ta juya da hannu, ta dunƙula, ta ɗora a faranti. Maimakon ta tura cikin wuta, sai ta ɗauki farantin da wuƙa ta nufi ɗakin Inna. Na bi ta ina cewa ai ke kika ce ba ya jira. Ba ta waiwayo ba.

Inna tana zaune a kan darduma da carbi. Nuha ta durƙusa a gabanta, ta ajiye ɗanyen ƙullin a tsakaninsu. Ta ɗaga kai ta dubi fuskar kakarta, ba a sace ba, ta dube ta sosai yadda take duban kek idan za ta yi masa ado. Sai ta sa wuƙa ta ja layi uku masu zurfi a gefe ɗaya na ƙullin. Ta sake duban fuskar, ta ja uku a ɗaya gefen. Na ukun ya ɗan karkace.

Carbin ya tsaya a hannun Inna. Ta dubi ƙullin, ta kai yatsu ta taɓa kuncinta. Ni ina bakin ƙofa, rabin hankalina a kansu, rabi a kan sodar da ke cinye ƙarfinta a banza.

Nuha ta ɗaga wuƙa za ta ja billen, ta nufi ɓangaren da ke hagunta.

"Ba nan ba," in ji Inna. "Hagu tawa, ba taki ba. Kawo."

Ta karɓi wuƙar, ta juya farantin, ta ja gajeren layi a karkace a inda ya dace. Ta miƙa mata wuƙar ta ce, "Me kike jira? Ba kin ce ba ya son zama ba?"

Burodin bai tashi kamar na farko ba, jiran ya rage masa ƙarfi. Amma tsaga bakwai sun ba wuta hanya, ya gasu har ciki, layukan suka buɗe suka yi duhu a baki-baki. Mukhtaru yana ƙasa yana danna hon. Nuha ta kawo shi da zafinsa a kwano ɗaya, da man shanu a gefe, ta zauna. Inna ba ta miƙa hannu ba tukuna.

"Can inda za ki," ta ce, "za ki riƙa gasa wannan?"

"Zan riƙa."

"Idan abokan aikinki suka tambaye ki zanen mene ne, me za ki ce musu?"

Nuha ta buɗe baki, na ga Larabcin ya zo mata har leɓe, ta mayar da shi. Ta nemo kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Zan ce fuska na kakata ne. Ita ta rene ni."

"Fuskar kakata ce," Inna ta gyara mata. "Sake faɗa."

Ta sake faɗa, daidai wannan karon. Inna ta gutsuri burodin ta wajen billen, ta shafa man shanu, ta daɗe tana taunawa da dasashi. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, kuma matar nan Nora da ta san kanwa da ba ta wahalar da kanta da soda ba. Ta ci, Nuha ta ci, hon yana ta ƙara a ƙasa, babu wanda ya kula shi. Da ya rage loma ɗaya, Inna ta ɗauka ta dangwala a man.

"Buɗe baki, ƙawata," ta ce. "Ubanki zai kashe mana kunne."